Hujin da Na Toshe a Famfon Babur

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne, kuma a shekarar da nake ba da labarinta babu wanda ya isa ya gaya mini magana a kan famfo. Daga fadamun Kudan har Kurmin Kogi, in injin mai tumatir ya ƙi jan ruwa ana tsakiyar rani, ni ake bugo wa waya. Kaina ya kumbura sosai a lokacin. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a gane abin da ya biyo baya.

Ƙauyenmu yana can bayan Nasarawan Doya, tsakaninmu da kwalta kuwa akwai wata fadama marar mutunci. Da damina ta kankama mota ba ta shigowa, baburan haya ma sai an sauka an tura. Abu ɗaya ne ke ratsa ta da ƙarfinsa, wato dogon babur ɗin yayana malamin gona, mai tayoyi masu haƙora, wanda ya saya a gwanjo. Lagireto gare shi kamar mota, ruwa ke sanyaya injinsa, kuma kanikawan yankinmu ba su saba buɗe irinsa ba.

A daminar nan matata tana da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari sai da aka yi mata aiki, saboda haka ma'aikaciyar asibiti a Maƙarfi ta ja mana kunne da kyau. Ta ce wannan ma ba ta gida ba ce, da zarar ciwo ya taso a kawo ta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, domin ɗinkin da ke jikinta ba zai jure doguwar naƙuda ba. Yaya ya ba da shawarar a kai ta wurin gwaggonmu cikin gari ta zauna har ta sauka. Na ce haba Yaya, da sauran sati uku fa, kuma ga babur a gida.

Kwana biyu da wannan magana sai ga Yaya ya turo babur ɗin har zaure, ransa a ɓace. Ruwa ne ke ɗiga daga gefen injin, daidai inda famfon da ke zagaya ruwan yake.

Ya ce, "Zan kai shi Zariya."

Na ce, "Ka kai famfo Zariya ina zaune a gidan nan? Yaya, so kake a yi mini dariya a kasuwa?"

Ya dube ni, ya dubi ɗakin matata, ya ce to, amma in tuna da abin da muke jira.

Na shimfiɗa buhu a zaure, na tsiyaye ruwan a kwano, na juye baƙin man a wani. Na kwance notuna na jera su yadda suka fito. Da na ɗaga murfin sai ga famfon, ɗan ƙarami, farfelarsa ba ta kai tafin hannuna ba. Dariya ma na yi. Na zare farfelar da sandarta, na tarar da boris ɗin da sandar ke juyawa a cikinsa ya fara kuka, sai kuma sil guda biyu a jere, wato zoben robar da ke hana yoyo, ɗaya na tare ruwa, ɗaya na tare mai. Na ruwan ya cinye. Washegari na je Zariya da tsofaffin a aljihu, na sha yawo kafin na samo daidai da su.

Wurin mayarwa ne farcena ya ji wani abu. Sandar farfelar ta yi zurfi a zagaye, daidai inda sil ɗin ke kama ta, tsohon ya ci ta a hankali. Na san ma'anar haka sarai, sabon sil ba zai zauna a kan rami ba. Amma mai shagon da na sayi sil a wurinsa ya riga ya gaya mini in har sandar ce ta lalace, sai an aika Kano ko ma Legas kafin a same ta, kuma bai san ranar zuwanta ba. Na goge ta da samfefa, na shafa giris, na danna komai ya shiga. Na yanko gaskit daga kwali mai kauri, na ɗaure, na zuba ruwa da sabon mai, na buga kik. Babur ya tashi ras.

Ko minti biyar bai yi ba ɗigon ya dawo. Na durƙusa na leƙa, sai na ga ta wani ɗan huji yake fitowa a ƙarƙashin famfon, wanda tsinken ashana zai cike.

Baba yana zaune a kan buzunsa a ƙuryar zauren yana rubutu, domin shi malami ne, rayuwarsa duk a kan alƙalami da tawada ta ƙare. Ya ajiye alƙalamin, ya matso, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan hujin ba tsatsa ce ta yi shi ba. Dubi bakinsa, sumul. Wanda ya ƙera abin nan shi ya bar shi, kuma ba zai bar shi a banza ba."

Wallahi da wani ne ba Baba ba, da ya ji babu daɗi. Na haɗiye, na ce, "Allah ya gafarta Malam, famfo ba ya son iska. Duk inda ruwa ya fita, nan iska za ta shiga."

A aikinmu haka abin yake. Injin ban-ruwa in ya sami ƙofar da ta kai ta allura, ya daina ja ke nan. Mu duk yoyo abokin gaba ne. Tiyo ya tsage mu naɗe da roba, tanki ya huje mu cusa sabulu, jikin famfo ya fashe mu liƙe da gam. Ban taɓa ganin hujin da aka yi don ruwa ya zuba ba. Na kwaɓa gam mai haɗi biyu, na cusa da tsinke har ya cika, na lailaye bakin da yatsa. Baba ya koma kan buzunsa ya ɗauki alƙalaminsa.

Sai daga baya wani tsohon bakanike a Ikara ya bayyana mini abin da na aikata. Hujin yana tsakanin sil ɗin nan biyu ne. In na ruwan ya gaza, ruwan ya bi ta nan ya zuba ƙasa, mai babur ya gani ya san da matsala. In ka toshe shi, ruwan ba fasa fita zai yi ba. Zai taru ya tura sil na biyu, ya shige cikin injin, ya gauraya da mai.

Ɗigo ya tsaya cak. Yaya ya zaga gari ya dawo yana murna, har ya ce lallai ƙanensa ya iya. Matata ta leƙo daga tsakar gida tana dafe da ƙugu ta ce, "Sannu da aiki, Maigida. Yanzu hankalina ya kwanta."

A kwana na uku, bayan sallar asuba, na buɗe murfin lagireton don in duba kawai. Ruwa ya sauka kamar gaɓar yatsa. Na duba ƙasa, busasshiya ƙayau. Na shafa ƙarƙashin injin, babu ko laima. Na ɗauko buta na cike, na ce wa kaina iska ce ta fita.

Washegari ya sauka fiye da haka. Kashegari ma haka. Ya zama mini aiki, kullum kafin Yaya ya fito in lallaɓa da buta in cike, in goge bakin murfin da gefen rigata. Ruwa na tafiya wani wuri, kuma ni mai famfo ne, na san wuraren da zai iya zuwa ba su da yawa. Murfin baƙin man yana nan kusa da gwiwata, juyi biyu zai buɗe. Sau nawa na ɗora hannu a kansa na janye! Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. In na buɗe na gani, dole in je in tsaya gaban Yaya da Baba in ce ban iya ba. Na riƙa cewa bari dai ta haihu tukuna. Sautin injin ma ya fara sauyawa, wani ɗan ƙas-ƙas a can ciki wanda ni kaɗai nake ji.

Ciwon bai jira sati ukun ba. Ranar wata Talata ya taso, bayan azahar, an ɗauke ruwan sama ke nan. Yaya ya hau gaba, muka ɗora ta a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita. Muka shiga fadamar, taɓo har cinyar taya, Yaya yana murɗa wuta injin yana kururuwa. Ina jin zafinsa a ƙafata ta cikin wando. Ƙas-ƙas ɗin ya koma ƙwanƙwasa.

Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ƙarar mece ce wannan?"

Na ce, "Ci gaba kawai, Yaya, ci gaba!"

Mun wuce rabi kaɗan sai babur ya yi wata shaƙa ya mutu. Yaya ya taka kik, kik ya ƙi sauka, kamar an yi masa walda. Muka sauke ta a kan wata kunya, tana cije leɓe tana salati. A nan ne, da lokaci ya riga ya ƙure, na buɗe murfin man. Abin da ya biyo yatsana fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa.

Yaya ya ruga ya samo keken shanu a wata gona. Shanu kuwa ba su san sauri ba. Tun tana matse hannuna har ta daina, zanenta ya jiƙe da jini. Muna isa kwalta ana kiran magariba, mota ta ƙarasa da mu Maƙarfi. Ma'aikatan asibiti suka shiga da ita da gudu. Sun ceto ta, Allah ya saka musu, amma ɗinkin ya riga ya buɗe. Yaron bai zo da rai ba, mahaifar kuma dole aka cire ta.

Da safe aka miƙo mini shi a naɗe cikin zane. Ni da Yaya muka ratso fadamar a ƙafa. Babur ɗin yana nan kwance a taɓo inda muka bar shi. Da muka zo daidai wurin na tsaya na gaya masa komai, sandar da na ji da farce, da butar asuba.

Ya dubi babur ɗin. Sannan ya ce, "Ba ni za ka gaya wa ba."

Kwana biyu bayan mun binne shi, ta dawo hayyacinta sosai. Na zauna a bakin gadon asibitin na faɗa mata, ban rage ko kalma ba. Na so ta zage ni, na rantse na so. Ta saurara har na gama, idonta a rufi. Can sai ta juyo a hankali.

Ta ce, "Ni ba su nuna mini shi ba. Kai da ka ɗauke shi, da wa ya yi kama?"

Ni kuwa tun daga ƙofar asibiti har bakin kabari ban iya buɗe zanen na duba ba.