Ɗakin Inna da Hantsi

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyin mahaifiyata suka fara yi mata gardama, na roƙe ta ta bar tsohon gidanmu na Gangare ta dawo wurina a Angwan Rogo. Ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: a gina mata ɗakin da hantsi zai riƙa shiga. Wanda ya san sanyin Jos ya san ba gata ta nema ba. In ta gasa gwiwoyin nan a rana da safe, sai ta wuni tana takawa.

A watan Disamba aka haƙa harsashi. Ni da kaina na tsaya a tsakar gida da safe, na riƙe ƙugu kamar wani injiniya, na duba inda rana ke sauka, na ce wa magini ƙofa da taga su kalli kudu. Har cika baki na yi wa matata.

Ginin bai kammalu ba sai Yuni. Washegarin tarewarta Inna ta shimfiɗa darduma a bakin ƙofa tana jira. Gari ya waye tas, amma ranar ta fito ta bayan ɗakin, ta zuba haskenta a lungu. 'Yar tsakar gidanmu kuwa tana cikin inuwa har tsakar rana, lokacin hadari ya haɗu.

"Kai, ina ranar da ka ce ka ajiye mini?" ta tambaye ni tana dariya.

Na kai kukana wurin abokina, malamin labarin ƙasa a wata sakandare. Ya biyo ni gida, ya soke lemo da tsinke, ya karkata shi, ya zagaya buta da shi a gaban Inna. Ya ce haka duniya ke zagaya rana, a karkace. A Disamba rana tana kudu da mu, a ƙarshen Yuni kuma takan kai iyakar tafiyarta arewa, shi ya sa yini ya fi tsawo, daga nan sai ta juyo. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga baƙuwa a masauki ka ɗauka gidanta ne."

"To yaushe za ta iso ƙofata?" in ji Inna.

Ya ce sai wajen Oktoba.

Magini ya ce, "Oga, a fasa bangon baya a sa windo, ba wani aiki ba ne." Inna ta ƙi. "Sabon bango za ku fasa mini da damina? Ai malamin nan ya ce tana hanya. Ku bar ta ta zo da ƙafarta."

Na bi maganarta. Muka shiga damina da kaskon gawayi da man zafi. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Baƙuwar tamu ta iso ina?" Ni kuma in ce ta kusa. A ƙarshen Agusta ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Wata safiya a Oktoba matata ta kira ni, ta nuna mini bakin ƙofar Inna. Hantsi ya sauka a kan dokin ƙofa. Kafin Disamba, hantsin ya shiga har kan gadonta, daidai yadda na auna.

Na san ajali ne, likita ma ya ce ba rashin rana ba ne. Duk da haka ina da-na-sanin bangon nan da ba a fasa ba, don abu ɗaya ta taɓa roƙona. Yanzu da sanyi babu inda ya kai ɗakin nan ɗumi a gidan, yara har rigima suke yi a kansa. Ni dai har yau ban iya shiga cikinsa da safe ba.