Bel Ɗin da Malam Sanda Ya Ƙi Ɗaurawa

Malam Sanda Basarke ne daga Yawuri, kuma ba ya barin kowa a Greensboro ta Amurka ya manta da haka. Ranakun aiki yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, amma in ka tambaye shi sana'arsa, masunci zai ce maka. Duk Asabar yana rafin bayan Summerfield da fatsarsa, in ya dawo ya raba wa maƙwabta kifi haɗe da wa'azin da ba su roƙa ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne: ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba.

Wanda ya fi tsana kuwa shi ne Muzammil, mijin 'yarsa Rumasa'u, yaron da ya koyi iyo a kwamin makaranta amma yake da bakin yi masa bayanin ruwa. Da sanyin Janairu ya kankama, Muzammil ya kai shi kanti ya zaɓar masa wandon roba mai kaiwa ƙirji, haɗe da takalminsa. Ya ce kada ya sa jins ko auduga a ciki, don in sun jiƙe sanyi suke riƙewa. Malam Sanda ya haɗiye wannan da ƙyar. A kan bel ɗin ƙugu ne aka ɓata.

"Baba, bel ɗin nan dole ne. In kun faɗi, shi zai hana ruwa cika wandon."

"A gidanmu ba a shiga ruwa a ɗaure. In jirgi ya kife, tuɓewa ake yi a yi iyo. Ka je ka koya wa kifi."

A kogin Kwara haka ne, can ruwan da ɗumi. Shi dai ya zare bel ɗin ya jefa bayan mota, ya saka jins ɗinsa biyu a ciki don ya ƙuntata wa yaron.

Rumasa'u ce ta matsa wa mijinta ya bi mahaifinta rafi ran Asabar. Da suka isa, Malam Sanda ya yi gaba. Ya kutsa ruwa zuwa cinya, ya taka dutse mai santsi, sai ga shi a kwance. Ruwan ƙanƙara ya kwarara cikin wandon har ƙafa, numfashinsa ya ɗauke. Ya kai hannu zai tuɓe kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Muzammil ne ya shiga ya jawo shi bakin gaɓa ta igiyar kafaɗar wandon.

Ka ce zai gode? Ko kusa. Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar surukin nasa ba. In Muzammil ya shigo ta gaba, shi ya fice ta baya. Fatsar ma ya jingine ta a gareji.

Da abin ya ishi Rumasa'u, ta tare shi a kicin.

"Baba, ransa fa ya sa a haɗari dominku. Me ya yi muku?"

Ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya ji ina ihu ina kiran Innata," in ji shi. "Ki ce masa kada ya ƙara zuwa gidan nan."