Gashin da Ke Cikin Sarƙar Likita

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Hajiya Rabi ta ajiye min sarƙa a kan tebur kamar ta ajiye mushen ɓera.

Lokacin ina mataimakiyar mai ƙiyasi a wani gidan gwanjon kayan tarihi a Birmingham. Aikina in duba kayan ado, in gano shekarunsu da ma'anarsu, sannan shugabana ya sa farashi. Mukan je wasu garuruwa mu buɗe tebur, kowa ya kawo abin da ya gada. A ranar a Manchester muke. Da shugabana ya hango dattijuwa da mayafi tana hararar kowa, sai ya ce, "Bilkisu, wannan taki ce," ya sulale shan shayi.

Daga unguwar Longsight ta zo. Mijinta likita ne, kuma satin da ya wuce ta fita takaba. Tana kwashe kayansa ta tsinci sarƙar a aljihun tsohuwar kwat. Abin wuya ne na zinariya mai murfi, kewaye da ƙananan lu'ulu'u, a ciki an kitsa gashi ja-ja an rufe da gilashi.

"'Yar nan, duba min," in ji ta. "Gashin Baturiya ne ko? Ni ina takaba ko ɗan kunne ban sa ba, ashe wata nas ce ta cusa masa gashinta a aljihu. Da ma kullum sai ya ce yana on call, wai aikin dare a asibiti. Idan asiri ne ki faɗa min, idan soyayya ce ma ki faɗa min."

Dariya ta so ƙwace min, na danne. Na sa gilashin ƙara girma na duba hatimin maƙera da ke baya. Na ce, "Hajiya, mai gashin nan ta riga kakanki mutuwa." Na bayyana mata cewa Turawan da, akasin mu, da ado suke makoki. Sukan yanki gashin mamaci su kitsa a zobe ko sarƙa. Lu'ulu'un hawaye ne.

Ta sauke ajiyar zuciya, har ta fara yi wa Likita addu'a, tana cewa Allah Ya yafe mata zargi. Ni kuma daɗi ya kama ni, na ga na wanke mamaci. Sai ta nuna gefen murfin ta ce, "To wannan farin layin fa?"

Na ce da baƙi ake zagaye na matar aure. Fari na yaro ne, ko na budurwar da ta rasu ba ta yi aure ba.

Hajiya ta sake duba farin layin. Can ta ce, "Likita ko man goge baki ba ya saya sai ya karanta bayansa. Ya san abin da ya saya."

Na ce wataƙila sha'awa kawai ta ba shi.

"Sunanta Asma'u," ta ce. "A Zariya. An sa musu rana ita da Likita, zazzaɓi ya ɗauke ta. Bayan ita aka ba shi ni. Tun da muke bai taɓa ambatonta ba, har nake yabon kaina ina cewa na mantar da shi."

Ban taɓa ganin kishi irin na fuskarta ba. Da nas ce mai rai, na tabbata da ta hau bas ta je ta same ta. Wannan kuwa ba ta tsufa ba, ba ta taɓa yi masa gardama a kan cefane ba, ba ta yi jinyarsa har ta gaji ta yi tsaki ba.

Na tambaye ta ko za ta sa sarƙar a gwanjo.

"In sayar, wata ta rataya ta a wuya?" Ta ƙulle ta a bakin mayafi. "Tare muka zauna da ita ban sani ba. Yanzu sai mu zauna ina sane."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ana koya muku gane ƙarfe da shekara, kuma za ku iya. Abin da na koya a teburin nan shi ne, kayan makoki ba su gama aiki a kan mamacin farko ba. Duk wanda ya saya daga baya yana da nasa mamacin. Shi ya sa in an kawo min irinsu, nakan fara tambayar a ina aka same su, in kuma tambayi mutum ko yana son jin ma'anar duka. Wasu sukan ce in tsaya a kan lu'ulu'un, kuma nakan tsaya.