Da'u da Gaurakinsa

Da'u abokina ne tun muna kiwon awaki a bayan Toranke. A fadama ya girma, kuma duk ƙauyen babu maƙiyin tsuntsu kamarsa. Idan shinkafa ta fara ido, shi ne da majajjawa da igiyar gwangwanaye, yana ihu har muryarsa ta dishe. A haka ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, gemu ya yi fari. Duk tsawon wannan zamani, da an sallame la'asar muna gindin tsamiya muna dara, yana cuta ina kama shi.

Fiddausi ce ta jawo mini. 'Yarsa ce, tana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ta sayo masa waya mai ɗaukar hoto don ya riƙa ganin jikoki. Bawan Allah sai ya juya ta kan zalɓe. Da bazara ta shigo, ruwan fadama ya janye, tsuntsaye suka taru a ragowar tafki, shi ke nan na rasa abokina. Daga nan wani Hafizu, malamin gona daga Gaya, ya maƙale masa da kyamara mai dogon baki. Baba Da'u kaza, Baba Da'u kaza. Su kwanta cikin ciyawa kamar masu kamun ɓera, ni kuma ina gindin tsamiya ina zana ƙasa da tsinke.

Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Mutumin da ko tsire ya saya sai ya ajiye mini rabi, yanzu in ya zo hira ba shi da zance sai na tsuntsayen ruwa, su kirinjijiya da dinya. Babban burinsa gauraka. Ya ce rabonsa da ganin gauraka tun yana saurayi, ga shi bana wasu guda biyu suna sauka a tafkin, amma sun ƙi tsayawa a ɗauke su.

Ranar wata Juma'a na ce bari in je da kaina, in nuna wa Hafizu cewa Da'u yana da masu shi. Na saka farar rigata mai sitaci, na bi kunyar gona. Na hango ƙeyarsu cikin ciyawa. Ni dai an yi mini tarbiyya, ba na iske mutum a bakin aiki in yi shiru. Na ɗaga murya yadda aka saba a gona: "Salamu alaikum! Sannunku da aiki!"

Sai fuka-fukai. Tafkin gaba ɗaya ya tashi sama, har da wasu dogaye biyu masu tukku ruwan zinare. Hafizu ya dafe kai. Da'u ya miƙe a hankali, taɓo har gwiwa, wayar tana hannunsa.

"Wa alaikumus salam, Inuwa," ya ce. "Ya gida? Ya su Hansai?"

Bai rage komai a gaisuwar ba, har jikata mai tari sai da ya tambaya. Amma idonsa yana kan sama, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ce, "To, sallama ma ta zama laifi?" Ya ce, "A'a, ba laifi ba ce." Har yau ina nan a kan bakana, ban ga abin da na yi ba.

Washegari na koma da tsohuwar riga, na yi niyyar ko tari ba zan yi ba. Babu kowa a tafkin sai balbelu. Na wuce gidansa, matarsa Rekiya ta leƙo zaure, ta ce tun da farar safiya Hafizu ya ɗauke shi a babur, sun bi gaurakin wata fadama.

"Wace fadamar?"

Ta yi ta murza bakin mayafinta. "Ka yi haƙuri, Malam Inuwa. Ya ce kowa ya tambaya in gaya masa, ban da kai."