Neman Kabarin Yarinyar Faransa

Ku ajiye abin da ke hannunku, matan zumunta na Zonkwa, ku matso kusa. Ni ce Saratu, uwar Bitrus. Ban yi boko ba, wata ce ke rubutawa, amma bakina ne.

Kun san Bitrus soja ne, ya tafi gabas bai dawo ba, ko takalminsa ba a kawo mana ba. Matarsa Rahila ce ta ɗauko ni zuwa garin Greensboro a Amurka. To, 'yarsa Ladi ta sa hannu za ta shiga sojan Amurka, har ta aske kanta. A bangon ɗakinta akwai hoton waliyiyar nan ta Faransa, 'yar manoma da ta ji murya daga sama, ta sa kayan maza, ta ja rundunar sarki zuwa yaƙi. Ita kaɗai Ladi ke jin maganarta.

A wurinmu, yaron da ya ƙi ji, kan kabarin ubansa ake kai shi a yi masa magana. Nata uban ba shi da kabari. Da na ji a coci ana cewa waliyiyar tana Washington, na ce to, can zan tsayar da Ladi, ta ga ƙasar da ke rufe soja. Ita dai na ce mata gaisuwa za mu je.

Tashi

Gari bai waye ba muka fita. Alhaji Inuwa maƙwabcinmu, mutumin zangon Kumasi, shi ya ɗauke mu a motarsa. Ya sha mai a titin Gate City Boulevard, muka miƙi hanya. Itatuwa dama da hagu, ba soja, ba shinge, ba mai tallar ayaba. Ladi ta toshe kunnuwanta da waya.

Richmond

Nan muka tsaya, Ladi ta shiga sayen shayi. Na faɗa wa Alhaji niyyata.

Ya ce, "Ei, Mama! Na daɗe ina kai mutane Washington, ban taɓa jin wannan kabari ba."

Na ce, "Alhaji, kai dai riƙe sitiyarinka."

Washington

Rana ta take tsaka muka isa wani lambu a kan tudu. Matakala ta cinye mini gwiwa. Da muka hau, sai ga yarinya ta ƙarfe a kan doki, kai a sama, ƙafar dokin a ɗage. Yara na wasa a gindinta.

Na ce, "Ina aka kwantar da ita?"

Ladi ta ce, "Kaka, ai mutum-mutumi ne. Ba ta da kabari, ko a Faransa."

"Waliyiya guda?"

"Abokan gaba suka kama ta, suka ƙone ta da ranta a kasuwa, tana kamar shekaruna. Tokar suka zuba a kogi."

"Sarkin da ta yi wa yaƙi fa?"

"Bai zo ba."

"Uwarta fa?"

"Ta tsufa tana roƙo a wanke sunan 'yarta. An wanke."

"An ba ta ko ƙashi ɗaya?"

Na ce a raina maganar ta shige Ladi. Na ɗaga ido, sai na ga ba ni take kallo ba. Dokin take kallo, fuskarta na haske. Ta miƙa wa Alhaji waya, ta ƙame, ta sara, ya ɗauke ta hoto. Da ƙafata na kawo ta.

Dawowa

Ruwa ya tare mu a Virginia. Alhaji ya tsaya salla, muka rage mu biyu a mota.

Na ce, "Ladi, in kin tafi, wa zai rufe mini ido?"

Ta riƙe hannuna ta ce, "Kaka, na riga na rantse."

Mun iso gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji.

Ladi ta tafi, tana barikin horo, takan kira ran Lahadi. Rahila ta ƙara aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta shiga ɗakin Ladi. Alhaji in ya gaishe ni, ƙasa yake kallo. Ni kuwa Fada ya ce in roƙi waliyiyar ta tsare min jika. Ina durƙusawa, bakina ya ƙi. Uwar waliyiyar nake kira, ni da ban ma san sunanta ba.