Suwaita Mai Hannu Ɗaya

Mahaucin nan mai sanƙo da ke rera waƙa yana sarar haƙarƙari a kasuwar unguwarmu a Rosario, Anselmo Ferreyra ke nan. A 1962 shahararren mawaƙi ne, Toni Luna ake ce masa, kuma 'yan mata har suma suke yi idan ya shafa gashinsa.

Manajansa Don Cosme ne ya raɗa masa sunan, ya kuma yanka masa shekara sha bakwai. Shekara shida ya yi yana sha bakwai ɗin. Ba taba, ba giya, ba budurwa, yaron kirki wanda iyaye ba za su kashe talabijin dominsa ba. Duk Asabar yakan fito a wani shirin talabijin da sabuwar suwaita, mai gabatar da shirin ya tambaye shi wa ya saƙa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Mamata." Mamar nan ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba.

Mai saƙar ita ce Nélida, matarsa, wadda jaridu suka sani a matsayin ƙanwarsa. Har wasiƙun masoyansa ita ke amsawa. Ta yi ta haƙuri har cikinta ya fito, Don Cosme ya ce a tura ta ƙauye kafin a fara tambayar ina mijin ƙanwar.

Ran Juma'a ta miƙa wa Anselmo suwaita shuɗiya. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ina ɗaya hannun?"

"Tambayi mamarka."

"Haba Nélida, gobe fa Asabar!"

"Ni ma na san kwanakin mako, ɗan sha bakwai. Ko ka faɗi sunana gobe, ko in tafi ƙauyen. In kuwa na tafi, na tafi ke nan."

Tsoro ya kama shi sosai, don yana son tafin jama'a, yana kuma son matarsa. Washegari a bayan dandali Don Cosme ya tuɓe kwat ɗinsa ya bi shi da ita yana cewa, "Rufa mana asiri, yaro!" Anselmo ya wuce shi ya hau da damtse a waje.

Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya. "Toni, Mama ta gaji ne?"

"Matata ce ta gaji," in ji shi. "Sunanta Nélida. Ni kuma shekarata ashirin da uku."

Ba wadda ta suma ranar. Kafin wata biyu faifansa ya daina fita, Don Cosme ya samo wani ɗan sha bakwai, Anselmo ya koma teburin naman babansa. Ya yi kuka, ba ya ɓoyewa.

Nélida ta ƙarasa hannun bayan ta haihu. Shuɗin ulu ya ƙare, sai ta yi da sauran rawayan da ta saƙa wa jaririyar hula. Suwaitar ta daɗe da matse masa tumbi, amma duk Asabar da ita yake buɗe shago.