Igiyar da Aka Ƙirga Sau Biyu

Dakta Zinariya 'yar unguwar Ɗan Iya ce, malamar kimiyyar sinadarai a jami'a, amma ba wanda ya taɓa ganin ta da farar rigar ɗakin gwaji. Ita nata sinadaran a cikin lissafi suke. Shekara ashirin da biyu tana bin abu guda: yadda ƙwayar zarra ta haidirojin ke barin wani sinadari ta koma wani. A wannan ƙanƙanta ƙwaya ba ta tafiya kamar tsakuwa, bazuwa take kamar igiyar ruwa a kwano, sai Zinariya ta sa kwamfuta ta bi igiyar daki-daki. Mahaifinta tela ne, har ya rasu in an tambaye shi aikinta sai ya ce, "Ƙidaya take yi, Allah ya ba da sa'a."

Aikin da ya fito da sunanta wata mujallar ƙasar waje ce ta buga shi, a kansa kuma ta ɗora neman zama farfesa. Saura kwana goma kwamitin ƙarin girma ya zauna, tana shirya darasi ta buɗe tsohon lissafin, sai ta ci karo da kuskure.

Ga abin da ya faru. Igiyar nan cikin wani fili da aka shata mata a kwamfuta take yawo. Zinariya ta ƙuntata filin don lissafi ya ƙare kafin a ɗauke wuta, dabarar da duk mai irin aikinta a Bauchi ya sani. Ashe igiyar ta daki iyaka ta dawo, an ƙirga ta sau biyu, lambar sakamakon da aka buga ta wuce gaskiya. Innalillahi! Ta yi kuka kuwa, na takaici, ta wanke fuska ta nufi ofishin shugaban sashe, Farfesa Elisha.

"Haba Dakta, wa ya gani?" in ji shi, da tausayi. "Ki bari kwamiti ya tashi tukuna, sai ki gyara."

"Yallaɓai, ni na gani. Kuma mutum biyu sun riga sun ɗora bincikensu a kan lambar nan."

"Kin san ba lallai damar ta sake zagayowa ba?"

"Na sani."

Ranar ta rubuta wa mujallar cewa a janye aikin. Kwamiti ya tsallake ta, wani ɗalibinta na da ya haye. Ya yi mata zafi, ƙarya ne a ce bai yi ba. Amma baiwar Allah nan da taurin kai! Ta faɗaɗa filin, ta yanka lissafin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daidai tsawon zaman wuta. Wata goma sha huɗu ta yi kafin ta samu lambar gaskiya, wadda ta gaza ta farko da kashi ɗaya cikin uku, ta aika aka buga.

Damar kuwa ba ta dawo ba. Bara ta yi ritaya. In ka je gaishe ta ka ce mata Farfesa don girmamawa, sai ta ɗaga maka hannu.

"Gyara, ɗana. Dakta."